Fashin Baƙi: Me Gwamnati Ke Saye Idan Ta Ce Za Ta Sayo Sabbin Na'urorin Rada?

Duk lokacin da Majalisar Zartarwa ta Tarayya ta tashi daga zamanta aka sanar da cewa an amince da kwangilar biliyoyin naira domin sayo na'urorin kula da zirga-zirgar jiragen sama, abin da ke tsayawa a kunnen jama'a shi ne yawan kuɗin da sunan kamfanin da ya samu aikin. Daga nan sai maganar ta lafa, ba za a sake jin ɗuriyarta ba sai ranar bikin ƙaddamarwa, ko kuma ranar da wani abu ya lalace. Amma a tsakanin ranar sa hannu da ranar lalacewa akwai shekaru goma sha biyar zuwa ashirin da na'urar za ta yi tana aiki dare da rana, kuma a ganina waɗannan shekarun su ne ainihin abin da ake saye, su ne kuma ya kamata a auna kowace kwangila da su.

Hukumar da wannan nauyi ya rataya a wuyanta a Najeriya ita ce NAMA, wato hukumar kula da sararin samaniyar ƙasa, wadda aka kafa da dokar shekarar 1999. A tsarin Hukumar Sufurin Jiragen Sama ta Duniya, ICAO, an rarraba sararin samaniya yanki-yanki, kuma yankin da ke ƙarƙashin Najeriya sunan Kano yake ɗauke da shi, ana kuma sarrafa shi daga manyan cibiyoyi biyu, ɗaya a Kano ɗaya a Legas. Jirgin da ya taso daga Turai zai nufi Afirka ta Kudu, ko da ba zai sauka a Najeriya ba, muddin ya ratsa wannan yanki to jami'anmu ne ke riƙe da shi tun daga inda jami'an Yamai suka miƙo shi har zuwa inda za su miƙa shi ga na gaba, kuma kamfaninsa zai biya kuɗin wannan hidima da kuɗin waje.

Abin da ake kira rada iri biyu ne, kuma rashin bambanta su yana sa a yi wa kwangila mummunar fahimta. Ta farko tana harba igiyar rediyo ne zuwa sama, idan igiyar ta bugi jikin jirgi sai ta dawo, na'urar ta lissafa nisan jirgin daga lokacin da igiyar ta ɗauka tafiya da dawowa. Wannan ba ta neman haɗin kan matuƙi, tana ganinsa ko yana so ko ba ya so, sai dai zangonta gajere ne, domin irin wadda ake girkawa a filayen jirgi ba ta cika wuce mil 60 na ruwa ba, ga cin wuta, ga tsadar kulawa. Ta biyu kuwa tambaya take aikawa, wata na'ura da ke cikin jirgin ta amsa da lambarsa da tsawon da yake tafiya a kai. Zangonta ya kai kimanin mil 250, bayaninta ya fi yawa, amma idan matuƙi ya kashe na'urar amsawa, ko ta lalace, jirgin ya ɓace daga allon ke nan.

Dukansu biyun kuma akwai iyakar da ba su tsallakewa, wato lanƙwasar doron ƙasa. Jirgin da ke tafiya a ƙafa 35,000 ana iya hango shi daga nisan da ya haura mil 200, amma wanda ke ƙasa-ƙasa a ƙafa 1,000 da ƙyar za a gan shi idan ya wuce mil 40 daga tashar. Saboda haka idan aka ce rada ta mamaye ƙasa baki ɗaya, ana nufin can sama inda manyan jirage ke bi. Jirgi mai saukar ungulu da ke bin saman itatuwa lissafinsa daban ne.

Amfanin ganin jirgi a allo ya fi fitowa idan aka duba yadda ake aiki ba tare da shi ba. Inda babu rada, jami'i yana zaune ne da 'yan tsiraran takardu a gabansa, kowace takarda na wakiltar jirgi guda, matuƙi ya kira ta rediyo ya ce ya wuce wuri kaza da ƙarfe kaza, kuma yana sa ran isa wuri na gaba da ƙarfe kaza, jami'in ya rubuta, ya zana hoton sararin a cikin kansa. Tunda ba ya ganin komai da idonsa, dole ya bar tazara mai faɗi, sau da yawa ta minti 10 tsakanin jirage biyu da ke hanya ɗaya a tsawo ɗaya, wanda ya kai kusan mil 80. Da rada kuwa tazarar tana iya sauka zuwa mil 5. Wannan bambanci shi ne ke ba jirage da yawa damar samun tsawon da ya fi yi musu sauƙin shan mai, shi ne kuma ke ba jami'i damar ganin kuskure kafin ya zama hatsari.

Babban aikin da Najeriya ta yi a wannan fanni shi ne wanda ake kira TRACON. An ba kamfanin Thales na Faransa kwangilar a 2003 a kan kimanin Yuro miliyan 66, amma ba a ƙaddamar da aikin ba sai a watan Oktoban 2010, zamanin Shugaba Goodluck Jonathan. An girka tashoshi tara: Legas da Abuja da Kano da Fatakwal sun samu rada iri biyun, sai Maiduguri da Numan da Talata Mafara da Ilori da Obubra waɗanda aka ba rada mai tambaya kaɗai.

Shekaru bakwai tsakanin sa hannu da ƙaddamarwa ba ƙaramin jinkiri ba ne, kuma a cikinsu ne ƙasar ta ga wasu daga cikin munanan ranakunta. A daren 22 ga Oktoban 2005 jirgin Bellview ya tashi daga Legas zuwa Abuja ɗauke da mutum 117, ya faɗi jim kaɗan bayan tashinsa a ƙauyen Lisa da ke Jihar Ogun. Ba a gano inda yake ba sai washegari, bayan an yi ta yaɗa cewa a Kishi ta Jihar Oyo ya faɗi, wuri mai nisan gaske daga inda tarkacen yake. Rada ba za ta hana wannan jirgi faɗuwa ba, amma cikakken tsarin da ke adana inda aka yi wa jirgi ganin ƙarshe yana taƙaita neman, ya kuma rage wa iyalai azabar jita-jita. Bayansa aka yi na Sosoliso a Fatakwal a watan Disamba na wannan shekara, sannan na ADC a Abuja a Oktoban 2006, wanda Sarkin Musulmi Muhammadu Macciɗo ya rasu a cikinsa. Waɗannan biyun mummunan yanayi na daga cikin sanadinsu, abin da ya nuna cewa na'urorin auna iska da isar da bayanin yanayi ga matuƙi cikin gaggawa suna cikin kayan da bai kamata a raba sayensu da na rada ba.

Bayan hatsarorin 2005 ne gwamnati ta ware kuɗin gaggawa, aka ba da kwangilar naira biliyan 6.5 domin sabunta kayan hasumiyoyin manyan filaye huɗu. Wannan kwangila ta ƙare a gaban kotu, inda hukumar EFCC ta gurfanar da wasu manyan jami'ai, shari'ar kuma ta ɗauki shekaru ana tafka ta. Ko me mutum yake gani game da shari'ar, ta nuna hatsarin sayayyar firgici: idan jama'a na cikin juyayi, kowa na cewa a yi wani abu yanzu-yanzu, a lokacin ne ake tsallake tantance farashi, domin babu mai son a ce shi ya tsaya a gaban aikin ceton rai.

Tun 2007 akwai dokar sayayyar gwamnati, wadda ta kafa hukumar BPP mai sa ido kan kwangilolin gwamnati. A ƙa'ida, hukumar da ke buƙatar kaya za ta tsara abin da take so, ta tabbatar akwai kuɗinsa a kasafi, ta tallata, kamfanoni su kawo tayi, a tantance ƙwarewa sannan a duba farashi, idan kuɗin ya kai wani mataki a nemi takardar amincewar BPP, daga nan a kai gaban Majalisar Zartarwa. Ginshiƙin dokar shi ne gasa a fili, a kuma ba wanda ya cika sharuɗɗa da farashi mafi sauƙi. Wannan tsari ya dace da sayen siminti ko motoci, inda masu sayarwa ke da yawa kuma kayan wannan na iya maye gurbin na wancan. Kasuwar rada ba haka take ba. Kamfanonin da ke ƙera irin waɗannan na'urori a duniya 'yan ƙalilan ne, irin su Thales da Indra ta Sifaniya da Leonardo ta Italiya da Raytheon ta Amurka, kuma da zarar ƙasa ta girka na ɗayansu, to kayan gyara da manhajar kwamfuta da horon injiniyoyi duk daga hannunsa za su riƙa fitowa. Ita kanta dokar ta yarda a sayi kaya kai tsaye daga kamfani guda idan shi kaɗai ke da su, ko kuma idan ana son sabo ya dace da tsohon da ake da shi.

A nan ne dabarar ciniki take. Kamfani na iya sassauta farashin na'urar domin ya shiga gida, yana sane da cewa ribarsa na gaba, a cikin kowane allon lantarki da zai ƙone da kowane sabunta manhaja. Hausawa sun ce araha ba ta ado. Ranar da mai saye yake da ƙarfi ita ce ranar da bai sa hannu ba tukuna, lokacin da kamfanoni uku ko huɗu ke zawarcinsa. A ranar ce ya kamata a rubuta farashin kayan gyara na shekaru goma ko fiye, da tsawon lokacin da kamfanin ya ɗauki alkawarin ci gaba da ƙera su, da kwanakin da bai kamata gyara ya wuce ba, da tarar da zai biya idan ya saɓa. A ranar ce kuma ya kamata a tilasta cewa na'urar ta riƙa fitar da bayananta bisa tsarin bai-ɗaya da ake kira ASTERIX, wanda Eurocontrol, hukumar kula da zirga-zirgar jirage ta Turai, ta tsara, domin gobe a iya haɗa ta da na'urar wani kamfani ba tare da an roƙi izinin na farko ba. Duk abin da ba a rubuta a wannan rana ba, daga baya sai dai a saye shi a farashin da mai kaya ya ga dama.

Shugabannin NAMA sun sha fitowa fili suna cewa na'urorin TRACON sun tsufa, samun kayan gyaransu kuma ya yi wuya. Wannan ba abin mamaki ba ne ga kayan da aka tsara su da fasahar farkon shekarun 2000. Jinkirin shekaru bakwai ɗin nan ma ya ci wani kaso na rayuwarsu tun kafin a kunna su, domin kwamfuta ba ta jiran a gama gina ɗakin da za a ajiye ta kafin ta fara zama tsohon yayi. Abin takaicin shi ne, ranar ƙarewar rayuwar irin wannan na'ura sananniya ce tun ranar da aka saye ta, amma sai a jira har ta ƙarato sannan a fara neman kuɗin maye gurbinta.

Kuɗin kuwa shi ne ƙashin bayan matsalar. Da Yuro ko Dala ake sayen kayan, alhali kasafin ƙasa da naira ake yin sa, shekara-shekara, kuma ba kullum ake sakin duk abin da aka ware wa manyan ayyuka ba. A 2003 Yuro ɗaya bai kai naira 200 ba. Bayan da aka saki naira ta nemi darajarta a kasuwa a watan Yunin 2023, ya haura naira 1,500. Aikin da zai ɗauki shekaru uku ana biyansa kashi-kashi yana iya ninka kuɗinsa a naira ba tare da ɗan kwangila ya ƙara ko sisi ba. Ita NAMA tana samun kashi 22 cikin ɗari na harajin kashi 5 da ake cirewa daga kuɗin tikiti, tana kuma karɓar kuɗin hidima daga jirage, amma ta daɗe tana kukan cewa abin da take karɓa a kan jirgin cikin gida, naira 11,000 a kowace tafiya, bai canza ba tun 2008, ga shi kuma a 2024 gwamnati ta riƙa cire rabin kuɗin shigarta zuwa baitulmali. Kamfanonin jirage su ma suna da hujjarsu, cewa haraji ya riga ya yi musu yawa kuma duk ƙarin da aka yi a kan fasinja zai faɗa. Sai dai manufar ICAO a bayyane take, cewa kuɗin da aka karɓa domin hidimar kula da jirage a mayar da shi cikin wannan hidimar. Ni ina ganin ba daidai ba ne a ɗebe rabin kuɗin hukuma a matsayin rara, sannan a dawo a ce ta jira kasafi kafin ta sayi abin da rayukan matafiya suka dogara da shi.

Akwai kuma abubuwan da ba sa fitowa a hoton ƙaddamarwa. Tashar rada da ke Numan ko Obubra tana buƙatar wutar da ba ta ɗaukewa ko na daƙiƙa ɗaya, wato janareto fiye da ɗaya, da man da za su sha, da batura, da na'urorin sanyaya ɗaki, domin zafi na kashe kayan lantarki. Tana buƙatar hanyar aika abin da ta gani zuwa Kano ko Legas ta tauraron ɗan'adam ko ta wayar ƙarƙashin ƙasa, da wata hanyar ta biyu idan ta farko ta yanke. Tana buƙatar masu gadi. Sannan ganin jirgi bai da amfani idan jami'i ba zai iya magana da matuƙinsa ba, shi ya sa tashoshin rediyo suke daidai da rada a muhimmanci. Ba banza ba ƙungiyar kamfanonin jirage ta IATA ta daɗe da tsara cewa matuƙan da ke ratsa wasu sassan Afirka su riƙa sanar da juna inda suke a kan mita 126.9, saboda gudun inda muryar ƙasa ba ta kaiwa.

Abin da ya faru a Legas a watan Fabrairun 2020 ya isa misali. An girka sabuwar na'urar ILS mai daraja ta uku, wadda ke jagorantar jirgi ya sauka ko da matuƙi ba ya ganin titi sosai. Hazo ya sauko ya rufe gari, amma ba a kammala gwajin na'urar ba, wato ba a gama tashi da jirgin awo na musamman domin tabbatar da cewa siginar da take bayarwa daidai take ba. Na'urar da ba a tabbatar da ita ba kuwa doka ba ta yarda matuƙi ya dogara da ita ba. Haka manyan jiragen ƙasashen waje suka riƙa karkata zuwa Akara, fasinjoji suka yi kwanaki a can. An biya kuɗin kaya, kaya sun iso, an girka, amma mataki ɗaya da ya rage ya hana a ci moriyarsu a daidai lokacin da aka saye su dominsa, kuma lokacin hazo ba baƙo ba ne da zai zo ba sanarwa.

Mutane ma suna cikin lissafin. A ranar 7 ga Nuwamban 1996 jirgin ADC da ya taso daga Fatakwal ya faɗa cikin ruwa a Ejirin kusa da Legas, mutum 144 suka rasu, ciki har da Farfesa Claude Ake. Akwai rada a Legas a wannan rana. Bincike ya nuna cewa tazarar da aka bari tsakaninsa da wani jirgin da ya taso daga Legas ba ta yi kyau ba, matuƙin ya yi ƙoƙarin kauce wa karo, jirgin ya kuɓuce masa. Jami'in kula da jirage yana ɗaukar shekaru kafin ya ƙware, daga karatu a kwalejin Zariya zuwa aiki ƙarƙashin kulawar na gaba da shi, kuma ƙungiyarsu ta sha kokawa kan ƙarancin ma'aikata da tsawon lokutan aiki. Kwangilar da ta kawo sabon allo ba tare da na'urar kwaikwayo ta horo ba, ko ta ware gurbin horo a masana'anta amma aka tura waɗanda ba su ne za su riƙe sukundireba ba, ta bar gibin da ba a ganinsa sai ranar da abu ya tsaya da tsakar dare.

Tambayar da ke gaban masu tsara sayayya yanzu ita ce wace fasaha za a zuba wa kuɗi. Akwai tsarin ADS-B, inda jirgi da kansa yake sanar da inda yake bisa lissafin tauraron ɗan'adam, tashar ƙasa kuma ta saurara kawai. Tashar ba ta da wani babban faranti mai juyawa, kuɗinta kaɗan ne ƙwarai idan aka kwatanta da rada, har ma ana iya karɓar siginar ta tauraron ɗan'adam. Hukumar ASECNA, wadda aka kafa a 1959 kuma take kula da sararin Nijar da Chadi da Kamaru da wasu ƙasashen, ta rungumi wannan hanya domin ganin jiragen da ke ratsa Sahara, inda girka rada ba zai yiwu ba. Haɗa kuɗi da ƙasashen suka yi ya kuma ba su ƙarfin ciniki da ƙasa ɗaya ba za ta samu ba. Akwai kuma tsarin da ke amfani da ƙananan tashoshi da yawa su auna bambancin lokacin da siginar jirgi ta iso kowacce, wanda NAMA ta nufa da shi yankin Neja Delta saboda jirage masu saukar ungulu na kamfanonin mai.

Sai dai duk waɗannan sun dogara ne da jirgin da ya yarda a gan shi, siginar tauraron ɗan'adam kuma ana iya toshe ta ko a gurɓata ta, kamar yadda ake yawan gani a Gabas ta Tsakiya da gabashin Turai. A watan Maris na 2021 gwamnatin tarayya ta haramta shawagin jirage a sararin Zamfara saboda matsalar tsaro. Tashar Talata Mafara tana cikin jihar, amma irin rada mai tambaya ce, ba a gina ta domin kama wanda ya kashe na'urarsa ya bi ƙasa-ƙasa ba. Wannan aikin radar soja ne, kuma ɗora wa NAMA laifin abin da ba a saya mata kayansa ba rashin fahimta ne. Abin da ya dace shi ne a zauna tun wurin tsara kwangila a fayyace inda ƙasa ke buƙatar rada mai gani da kanta, wa zai biya, da yadda farar hula da Rundunar Sojin Sama za su riƙa musayar abin da suka gani. A nan kuma akwai wani tarko, domin dokar 2007 ta keɓe sayayyar da ta shafi tsaron ƙasa daga ƙa'idojinta sai in Shugaban Ƙasa ya amince a bi su, saboda haka laƙaba wa aikin farar hula sunan tsaro hanya ce mai sauƙi ta fitar da shi daga idon jama'a.

Kwamitocin sufurin jiragen sama na Majalisar Dattawa da ta Wakilai suna da ikon neman takardun kowace kwangila, dokar 'yancin samun bayanai ta 2011 kuma ta ba 'yan jarida da ƙungiyoyi damar neman su. Idan sabuwar kwangilar maye gurbin TRACON ta zo gabansu, shafukan da suka fi cancantar a karanta su ne na yarjejeniyar kulawa: shekara nawa ta ƙunsa, da wane kuɗi za a biya ta kuma daga wane asusu, injiniyoyi nawa za a horar har su iya gyara ba tare da jiran baƙo ba, da kuma yadda tsohuwar na'ura za ta ci gaba da aiki kafaɗa da kafaɗa da sabuwar har sai jirgin awo ya tashi ya tabbatar da kowace tasha daga cikin taran.